Littafin Da Na Buɗe Ta Baya

Ƙarfe huɗu da kwata na yammacin Litinin, ruwan da aka wuni ana tafkawa ya tsagaita, sai yayyafi da wannan zafin mai danshi da ke manna wa mutum riga a baya. Na ajiye takisina a bayan wani gidan burodi a unguwar London ta birnin Libreville, layi biyu tsakaninsa da kwalejin, kamar yadda na saba. Na ɗaga rigata na cusa littafin rubutuna a ƙugu, na sake ta ta rufe shi. Mutum da gemunsa yana ɓoye littafin yara kamar kayan sata.

'Yan uwa masu bibiyar labarin nan, wannan kashin shi ne na fi jin nauyin rubutawa. Sau uku ina farawa ina gogewa. Amma tunda na ɗauki alkawarin faɗa muku gaskiya, ku yi haƙuri da ni, zan tafi a hankali.

Ga wanda yau ya fara haɗuwa da ni, sunana Nafiou, mutumin Tasawa. A lokacin shekarata ashirin da biyar, ina tuƙin takisi a Libreville. Karatun allo na yi shi daidai gwargwado, ina rubuta ajami, duk wasiƙar da nake aika wa innata da shi nake yi. Amma lakwal, wato makarantar boko, ban taɓa taka ƙofarta ba. Faransancina a bakin titi na tsince shi, da kunne. Aikin namu kuwa ba ruwansa da karatu: fasinja zai tsaya bakin hanya ya faɗi inda za shi, in ka yarda ka danna masa oda ya shigo. Shekara biyar ina haka, ba wanda ya gane ko baƙi ɗaya na boko ban sani ba.

Sai Allah ya kawo Hawaou.

'Yar Alhaji Hammadi ce, mutumin Garwa mai shagon atamfa a kasuwar Mont-Bouët. A Libreville aka haife ta, a nan ta gama sakandare. Ubanta ya so tura ta jami'a a Dakar, sai aka karya darajar kuɗin sefa, kayan da yake sarowa daga waje suka ninka kuɗi, shagon ya rame, maganar Dakar ta mutu. Shi ne ta shiga wannan ƙaramar kwalejin ta London, inda ake koyar da tafireta da Faransanci da aikin ofis. Burinta ɗaya ne, ta zama malama. Daraktan ya taɓa gaya mata cewa duk wanda ya koyar a wurinsa zango guda aka ga ƙwazonsa, yana rubuta masa takardar shaida da za ta buɗe masa ƙofar jami'a, sashen malanta. Sai dai ba gurbi, ta jira.

Ranar da ta fara shiga motata, wani fasinja ya manta jarida a gaban gilashi. Ta zauna a baya, mayafinta ruwan toka, littattafai a cinya, ta ce, "Direba, me suka ce yau a jaridar?"

Da na ce ban iya karatu ba, da shi ke nan, magana ta wuce. Amma na haɗa ido da ita a madubi, sai bakina ya kwaso abin da na ji a rediyo da safe ya zuba mata tsaf. Ta ce ashe direban nata ɗan boko ne. Na yi murmushi ban musa ba.

Daga ranar kullum sai na sayi jarida. Da sassafe in kunna rediyo, in saurari mai karanta kanun labarai, in haddace su kamar yadda muke haddace allo. In na ɗauko ta muka maƙale a cunkoson Mont-Bouët, sai in shimfiɗa jaridar a kan sitiyari, in buɗe ta yadda hannuna ya saba buɗe littafi, ina lasar yatsa ina juya shafi, ina girgiza kai wai labarin ya ɓata min rai. Ita kuwa tana baya tana kallona. Wani lokaci ta rufe baki da gefen mayafi. Ni a zatona kunya ce.

Da tafiya ta yi nisa na je gaishe da Alhaji. Har yau ina ganin falon nan: kujeru masu rufin leda, agogon bango mai hoton Ka'aba, kabad ɗin Hajiya cike da tangaran da ba a taɓa cin abinci a ciki ba. Hajiya ta amsa gaisuwata daga bakin labule ta koma, don ita Talha take so, ɗan ƙanenta mai aiki a kantin magani, mai tabarau da biro biyu a aljihun gaba. Alhaji mutum ne mai sanyin magana. Ya tambaye ni iyayena, ya tambaye ni sana'a, sannan ya tambaye ni inda na tsaya a karatu. Na dubi tabarmar da ke ƙarƙashina na ce na yi aji huɗu na sakandare, har na ci jarrabawar birebe da ake yi a ƙarshensa.

Ya ce madalla. Ya ce shi ba ya raina sana'ar kowa, amma abu ɗaya ya ɗaukar wa kansa: 'yar da ya sha wahalar karatunta ba zai ba mutumin da ita za ta riƙa karanta masa takardar asibiti ba. In Allah ya kai mu bayan ƙaramar Sallah, in turo manyana.

Na fito daga gidan nan ana taya ni murna, ni kuwa kamar na haɗiyi dutse.

Akwai kuma maganar takardu. Hawaou ba ta son zance in da wani fasinja a mota, sai ta rubuta abin da ke ranta ta naɗe, in za ta sauka ta ajiye min kusa da giya. Ni kuma in garzaya wurin Saliou, wani mutumin Senegal mai tebur a gefen gidan waya, wanda ke rubuta wa mutane wasiƙa. Saliou ba mugu ba ne, amma shaƙiyyi ne. Sai ya gyara tabarau, ya siranta murya kamar mace, ya dafa ƙirji yana karanta min kalmomin da aka rubuta don ni kaɗai. In ya zo wurin da ta ce in rage gudu a hanyar PK8 don tana da buƙatata da rai, sai ya maimaita sau biyu yana kaɗa gira. Ina tsaye ina dariyar dole. Amsa kuwa da baki nake ba ta, na ce mata rubutuna ba kyau.

Wannan ne ya kai ni ajin yamma. A wannan kwalejin dai akwai aji na 'yan kasuwa da direbobi, daga huɗu da rabi zuwa dab da magariba, wani malami ɗan Togo, Mushe Kossi, ke koyar da baƙaƙe. Hawaou da azahar take tashi, don haka na lissafa ba za mu taɓa haɗuwa ba. Na ce kafin Sallah in na dage, ko yaya ne zan iya haɗa kalma, ƙaryata ta zama rabin gaskiya. Sati uku na yi, su ma da fashi.

Fashin kuwa ba na lalaci ba ne. A kwanakin ne aka yi shelar duk baƙon da ba shi da katin zama ya bar ƙasar kafin wa'adi. Shinge a kowace mararraba, motocin jandarma suna shiga kasuwa su fito cike. In ka bi ta bakin teku sai ka ga mutane zube da katifu da kekunan ɗinki suna jiran jirgin ruwa. Ni katina da sauran 'yan watanni, amma yayana Mahamadou, wanda muke ɗaki ɗaya na katako a PK8, ya riga ya ɗaure kayansa a buhu. Kullum maganarsa ɗaya, in sayar da abin da zan sayar mu koma gida, 'yar boko ba sa'ata ba ce.

Ranar Alhamis Hawaou ta ajiye min takarda. Shuɗiya ce, an ninke ta sau huɗu. Ba ta yi murmushin da ta saba ba. Ta ce, "Yaya Nafiou, wannan ka karanta ta da kyau. Ina son amsa kafin Litinin."

Tana sauka na nufi gidan waya. Ba tebur, ba kujera, sai shatin ƙafafunsu a ƙasa. Mai sayar da gasasshiyar ayaba a wurin ta ce ai Saliou tun jiya ya shiga jirgi.

Na zauna a mota na rasa inda zan dosa. Duk wanda ya iya karatu a cikin mutanenmu ya san Alhaji Hammadi, ko maƙwabcinsa ne a kasuwa ko suna sahu ɗaya a masallaci. Baƙon ido kuma, a kwanakin da kowa ke tsoron kowa, wa zan tare in ce karanta min? Kullum bayan sallar asuba sai in buɗe takardar a bakin ƙofa inda haske yake. Layi tara ne. Na gane sunana a sama, na gane wasu baƙaƙe guda biyar da Mushe Kossi ya koya mana, warwatse kamar tsaba. Ban da wannan ba abin da ta ce min.

Ranar Asabar ta tambaye ni ko na karanta. Na ce na karanta.

"To me ka gani?"

Na ce ba komai, Allah ya sa hakan ne mafi alheri. Na zaɓi maganar da za ta shiga kowane rami. Ta daɗe tana kallona a madubi.

"Ka tabbata?"

"Na tabbata."

"To shi ke nan. Sai Litinin ɗin."

Litinin da safe na je inda nake ɗaukarta ban same ta ba. Na jira har masu takisin bayana suka dame ni da oda. Da wannan nauyin na wuni, da shi kuma na shiga aji da yamma.

Ajin a ƙasan bene yake, benci takwas, taga ɗaya mai ƙarfuna, allon bango da ya tsage a kusurwa. Da mu ashirin da wani abu ne, ranar ba mu fi goma sha biyu ba, sauran wa'adi ya kwashe su. Na zauna a wurina kusa da Baba Musbahu, wani dattijo Bakano mai sayar da goro, rumfarsa ba ta da nisa da shagon Alhaji. Ya san komai nawa. Abin da ya sa ban damu ba, shi ma iyalinsa ya gaya wa taron ƙungiya yake zuwa kullum yamma. Kowa ya riƙe wa kowa.

Ya matsa min yana cewa ga mai birebe ya iso, a ba shi wuri kada iliminsa ya zube. Na ce Baba yau ba ni da ƙarfin wasa. Ya ɓantaro min goro ya ce in tauna, ango ba ya yamutsa fuska tun kafin a kai lefe.

Sai ƙofa ta buɗe, darakta ya shigo, wani ɗan ƙasa gajere mai furfura da laima a hannu. Ya ce Mushe Kossi ya koma ƙasarsu, kamar yadda da yawa suka koma. Ya ce ya samo mana sabuwar malama daga cikin ɗalibansa mafi ƙwazo, yau ce ranarta ta farko, shi kuma zai zauna a baya ya ga kamun ludayinta, don abin da ya gani shi zai rubuta wa jami'a. Ya juya ya yafito ta.

Atamfa ce a jikinta, koriya mai zanen ganye, wadda na san sai ranar Juma'a take saka ta. Farin mayafi ta naɗe shi tsaf ta soke da allura don kada ya dame ta. Takalminta ya jiƙe da ruwan hanya. Rajista a rungume a ƙirji, kwalin alli a hannu.

Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Ba faɗuwar gaba ba ce kawai. Ji na yi kamar an tuɓe ni a tsakiyar Mont-Bouët ranar kasuwa ta cika. Na dubi taga, ƙarfuna. Na dubi ƙofa, darakta na tsaye. Baba Musbahu ya daina tauna goro, ya ce a hankali, "Innalillahi. Ɗana, sunkuya." Ina zan sunkuya, mu goma sha biyu a ɗaki?

Ta yi sallama, ta gaishe da dattawa da sunan baba, ta buɗe rajista. Ta kira suna ɗaya bayan ɗaya, waɗanda suka tafi ta yi musu alama. Da ta zo kan nawa ba ta tsaya ba, ba ta ɗago ba, muryarta ba ta canja ba.

"Nafiou Idi."

Na amsa. Ni kaina ban ji abin da ya fito ba.

A nan na gane ba yau ta fara ganin sunan nan a rajistar ba. Hannuna ya kai kan aljihun da shuɗiyar takardar take.

Darasin bai fara da kyau ba. Ta rubuta kwanan wata da rubutu mai kyau irin na 'yan makaranta, ba wanda ya gane. Ta yi bayani da Faransanci mai tsabta, ya wuce ta saman kanmu. Alli ya karye mata sau biyu. Wani mai sayar da tayoyi a bencin gaba ya ce da na kusa da shi, da ƙarfin da kowa zai ji, yarinyar da aka yi sunanta a gabansa ce yau za ta koya masa karatu. Aka yi 'yar dariya. Na ga gumi ya tsattsafo mata a goshi, na ga darakta ya rubuta wani abu ya ja layi. Ni da na san dare nawa ta yi tana mafarkin wannan rana, ina zaune ba abin da zan iya yi mata sai ƙara mata kaya.

Darakta ya miƙe ya ce bari a ga abin da ɗaliban suka riga suka sani. Ya duba ya duba, ya nuna ni da laima, wai ni ne ƙarami, in je in rubuta sunana.

Daga bencina zuwa allon bai fi taku shida ba. Na karɓi allin daga hannunta ban dube ta ba. Sunana na iya shi, wallahi na iya, Mushe Kossi ya sa na rubuta shi ya fi sau hamsin. Amma da kaina ya ɗauki zafi, sai ƙafata ta kai ni ƙarshen allon na dama, inda duk wanda ya tashi da allon katako yake farawa. Na rubuta baƙin farko a can, na sa na biyu a hagunsa, na uku a hagun wancan. Sai da na ji darakta ya yi tsaki sannan na ja baya na duba. Sunana ne, amma yana tafiya da baya.

Na tsaya da alli a hannu. Mai birebe. Mai jarida.

Sai na ji muryarta, wannan karon da Hausa.

"Malam Nafiou, goge. Rubuta shi yadda ka iya."

Ban taɓa gaya mata ina rubuta ajami ba. Na goge da tafin hannuna, na koma dama, na rubuta. Hannuna ya tafi sumul, don wannan hanyar gidanmu ce. Ta juya ga aji ta tambayi wa zai karanta. Hannu tara suka tashi. Baba Musbahu bai jira izini ba ya karanta da ƙarfi, ya ƙara da cewa a dubi yadda yaron ya ja wutsiyar baƙin ƙarshe, wannan ya sha bulalar malamin kirki. Mai tayoyi ya ce shi nasa ya fi wannan kyau, a ba shi alli.

Hawaou ta juya ga darakta ta gaya masa da Faransanci cewa mutanen nan ba jahilai ba ne, sun iya rubutu tun kafin a haife ta, hanyarsu ce kawai ta fito daga ɗaya gefen. Ta ce da abin da suka sani za ta kai su ga abin da ba su sani ba. Ta ɗauki alli, ta rubuta sunana da boko a ƙarƙashin nawa, ta ja zare daga kowane baƙi zuwa ɗan uwansa. Kafin a jima dattawan nan suna layi a gaban allo kamar yara, kowa na son a ɗaura wa sunansa zare. Darakta ya koma ya zauna. Ya daɗe yana rubutu, da zai fita ya tsaya ya ce mata gobe ta zo ofis da takardunta.

Na yi mata murna, Allah ya sani. Amma ina zaune ina tunanin da abin da aka gina nasarar. Da ni aka gina ta, da tsiraicina. Kuma Malam Nafiou ta ce, ba Yaya ba. Na rasa ko don idon mutane ne, ko kuwa abin da ke cikin layi taran nan ke nan: ko gargaɗi ta yi min kada in zo, ko sallama ce, ko sunan Talha ne a ciki. Na ce mata na karanta. Na ce mata Allah ya sa hakan ne mafi alheri, ban san me na sa wa albarka ba. Mutum goma sha ɗaya kuma sun ga abin da ya faru, gobe da safe dukkansu suna kasuwa ɗaya da Alhaji.

Ta ce kowa ya kwafi sunansa a littafinsa. Na zaro nawa daga ƙugu, ya jiƙe da gumi, na buɗe na duƙufa a kai don kada in ɗago. Ina jin takunta tana bin benci benci, tana gyara wa wannan riƙon biro, tana ce wa wancan madalla Baba. Ƙamshin turarenta ya riga ta isowa. Na shirya magana a bakina, na haƙuri ce ko ta bayani, ban ma sani ba.

Ta tsaya a kaina. Ta sa yatsa biyu ta zare littafin daga ƙarƙashin hannuna, ta rufe shi, ta juya shi. Sai a lokacin na ga sati uku ta bangon baya nake buɗe shi. Ta buɗe shafin farko, fari fes ba a taɓa shi ba, ta shafe shi da tafin hannunta ya kwanta, ta mayar min da shi gabana. Ta yi ƙasa da murya yadda ni kaɗai zan ji.

"Ta nan ake buɗewa. Jarida ma haka."

Shekara guda tana zaune a bayana tana rufe baki da mayafi.

Na ɗago in yi magana. Ita kuwa ba ta jira ba. Ta riga ta matsa wurin Baba Musbahu, tana juya masa nasa littafin.